Tumatirin Malam Sayibu

Sau huɗu Azeta tana shuka tumatirin nan a bakin rafin Nyohini, ko tsiro ɗaya bai leƙo ba.

Ba tumatirin miya ba ne. Ƙato ne mai tsaga-tsaga, ya cika tafin hannu, in aka yanka shi sai nama zalla. Kuku-kukun Turawa har rububinsa suke yi. Mijinta marigayi da amininsa Malam Sayibu suka zo da irin daga Dori a ƙulle cikin tsumma. Shekarar da mijin ya kwanta ciwo, awaki suka cinye nasu fegin, sai irin ya rage a hannun Sayibu shi kaɗai.

Sayibu kuwa ba ya ba kowa. Amma matar amini ai ba a hana ta. Duk shekara shi da kansa zai kawo mata, a bushe ƙarau, ja-ja-ja, har da ɗan ƙamshi. Ita kuma ta yi duk abin da ta koya wurin mijinta. Ta tankaɗe ƙasa, ta haɗa da toka da kashin shanu, ta yi rumfar ciyawa, ta yi ban ruwa safe da yamma har bayanta ya ƙage. Fegin Sayibu yana jikin nata, ya yi kore shar. Nata sai ƙasa.

"Iri ɗaya, ruwa ɗaya," in ji Sayibu a ƙofar masallaci, yana girgiza kai kamar zai yi kuka. "Ni ban ce komai ba. Amma hannu ma yana da nasa."

Maganar ba ta kwana ba. Mata suka daina karɓar gishiri daga hannunta. Surukarta Lamisi, matar ɗanta, ta daina ba ta jaririnta ta goya. Azeta ta riƙa zama tana juya tafukanta tana dubawa, har ita ma ta fara jin tsoronsu.

A shekarar da aka sauke tutar Bature, gari na ta kiɗa da rawa, zazzaɓi ya ɗauke jaririn. Ba wanda ya tsaya tambaya. Ɗanta Imoru ya tsugunna a gabanta, ya kasa ɗago ido.

"Mma, ka yi haƙuri. Mutane na magana. Gobe lori zai kai ka ƙauye."

Ta san ƙauyen. Can ake kai tsofaffin da aka kira mayu, ba a kuma dawowa.

A duk unguwar Sayibu ne kaɗai ya zo jaje. Ya ce kada ta damu da fegi, shi zai kula da shi. Ya ce zai haɗa mata iri ta tafi da shi, ko ƙasar can za ta karɓi hannunta. Azeta ta fashe da kuka, ta yi ta sa masa albarka.

Da safe lori ya iso da wuri. Don kada ta wahalar da bawan Allah, ta ɗora ƙullinta a ka ta nufi gidansa. Ta yi sallama a zaure, shiru, sai ta zagaya ta baya.

Yana tsugunne gaban murhu, ya ba ta baya, yana 'yar waƙarsa ta murnar 'yanci, yana juya irin tumatirinta a cikin kasko mai zafi.