Akwatin da Ya Ƙi Ni a Gwiwa

Akwatin intanet ɗin da na haɗa wa wata makaranta a Gwiwa ya ƙi aiki. Na abokin takarata Ashiru kuwa, ana jonawa duk fitilunsa suka kama. Shugaban makarantar ya riga ya ce wanda nasa ya tashi, shi zai yi wa sauran makarantu shida.

Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a. Kanel, wato zuciyar manhajar akwatin, makaho ne: sai ka rubuta masa ƙofofin jona waya nawa ne a jikin akwatin, kowacce da lambarta. Da can ina faɗa, matata Kaltume tana bugawa a kwamfuta, kuma ban taɓa kuskure ba. Tun da ta rasu bara, komai na taɓa sai ya ƙi.

Ashiru tsohon ɗalibinta ne na lissafi. Na leƙa allon kwamfutarsa, na ga rubutu irin nawa.

"Kai, wa ya ba ka rubutuna?"

"Baba, ba naka ba ne."

"Har jerin layukan nawa ne. Na karanta littattafan da ko sunansu ba ka iya faɗa."

Ya duba nawa, ya sunkuyar da kai. "Daga ɗaya ka fara lambar ƙofofin. Wannan akwatin daga sifili yake ƙirga."

"Tun kana firamare daga ɗaya nake farawa!"

"Na sani, Baba. Malama ce take gyarawa tana bugawa. Ta ce kada in faɗa maka."

Makarantu shidan ba su dame ni ba. Shekara talatin muna tare, amma shi ta faɗa wa.