Mahaucin da Ya Ce Ya Fi Likita Sanin Kitse

Shekara ashirin da biyu Bature yana fawa a kwatar Agege, kuma duk tsawon shekarun nan da kitse yake karya kumallo. Haka masu fiɗa suka saba: da an gama saniyar farko, sai a yanko tozo da kitsen ciki a jefa a wuta, a ci da burodi a tsaye.

Bara ƙafarsa ta hagu ta fara yi masa gardama. Daga kwata zuwa inda yake shiga motar haya ta danfo sai ya tsaya sau uku, naman ƙafar na ɗaurewa. Matarsa Batulu ta yi mita har ta gaji, sannan ya yarda ya je asibiti.

Ya yi sa'a, likitar da ya samu, Hafsa, haihuwar Agege ce, da Hausa ta yi masa bayani.

"Baba, kitse ya taru a bangon jijiyoyin jininka, hanya ta ƙuntata, jini ba ya isa ƙafar. Ga hawan jini kuma." Ta ajiye masa ƙwaya iri biyu. "Wannan tana rage kitsen da ke cikin jini. Ita kuwa wannan, a jikin jijiya akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan sinadarin kalsiyam ke shiga ya sa jijiya ta tsuke. Ƙwayar tana tare su, sai jijiyar ta saki. Masana na ta bincike ko ta ƙofofin nan za a samu maganin toshewar kanta, amma ba a kai can ba tukuna. Ka sha waɗannan, ka rage kitse. In ka yi wasa, ƙafar nan za ka rasa."

Duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya tak Bature ya fito da ita: kitse.

"Ni za a koya wa kitse?" in ji shi da ya koma gida. "Kullum da me nake wanke wuƙa da katako? Ruwan zafi da kanwa. Nan take yake narkewa."

Ya dai sha ƙwayoyin na mako biyu, yana sha yana ƙunƙuni. Da ya ga idon sawunsa ya ɗan kumbura, shi ke nan, ya samu dalilin da yake nema.

"Baban Umaima," Batulu ta ce masa, "ai likita ta ce in ka ga wani canji ka koma ta sauya maka."

"In je in wuni a layi, wa zai tsaya min a kwata? Ke dai ɗora min ruwa."

Wallahi abin takaici ne. Mutum mai hankali, wanda kallo ɗaya zai yi wa sa ya faɗi nauyinsa, shi ne ya koma kurɓar ruwan zafi da kanwa kowace safiya, sannan ya wuce kwata ya ɗora tozo a kai. Ya manta cewa abin da ka sha ciki yake tafiya, ba ya bin jijiya yana kankare ta. Kanwar ma kanta ƙara hawan jini take yi. Batulu ta roƙa, ta yi fushi, ta kai ƙara wurin abokinsa Yakubu. Ya ce su duka biyun ba su san aikin nama ba.

Wata rana tsinin ƙashi ya soke shi a babban yatsan ƙafar tasa ta hagu. Ɗan ciwo ne da bai kai a faɗa ba, amma ya ƙi warkewa, don babu jinin da zai warkar da shi. Bature ya koma tsoma ƙafar a ruwan zafi. Ta riga ta mutu da ji, har fatar ta saluɓe bai sani ba. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau sama, ɗaki ya fara wari.

Ranar da ya kasa miƙewa, Batulu da Yakubu suka ciccibe shi suka sa a keke mai ƙafa uku, sai asibiti.

Hafsa ta buɗe tsumman da ya naɗe ƙafar da shi.

"Wata bakwai, Baba. Wata bakwai ban gan ka ba."

Bayan kwana biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon inda zanen gado ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Batulu na gefe, ta juyar da kai tana hawaye. Da likitar ta shigo, muryarsa da ƙyar take fita.

"Likita, ɗayar fa?"

"Ita ma jijiyarta ta fara toshewa," in ji Hafsa. "Amma ita ba mu makara ba, in za ka ji magana."

Jama'a, ƙwarewa a sana'a ba ta mai da mutum likitan kansa. In tafiya kaɗan na ɗaure maka ƙafa, je a duba ka. In magani ya kawo maka wani canji, koma wurin wanda ya rubuta shi, kada ka ajiye shi ka kama dabarar kanka.