Makiyayi da Ciyawa Mai Kama da Wake

Ɗana, tun da ka ce shawarwarin mutane sun yi maka yawa har ka rasa ta ɗauka, saurari wannan.

Wata shekara fari ya kori wani makiyayi daga garinsu, ya nausa kudu da 'yan tumakin da suka rage masa. Ya yada zango a wata jigawa, ƙarƙashin wasu dogayen itatuwa da bai taɓa gani ba, ganyensu siri-siri kamar allura. Babu komai a gindinsu sai rairayi, sai kuma wata ciyawa da ta yaɗu a ƙasa, ganye uku-uku kamar na wake, da ƙaramin fure da 'yan kwansaye masu gashi. A garinsu akwai mai kama da ita da dabbobi ke ci su yi ƙiba. Akwai kuma wata mai kama da ita da ta taɓa kumbura saniyar yayansa, kafin a kawo wuƙa ta mutu. Ya juya ganyen, ya tono saiwar ya sansana, ya tauna ya tofar, bai gane wacce ce ba. Ya tambayi mai saran itace, ya ce waken gizo ce. Maharbi ya ce sam, ita masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya bugu. Wata tsohuwa ta ce maganin ciwon ciki ce, amma ba ta rantsuwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ƙara masa suna ɗaya da tsoro ɗaya. Sai ya sa wa tumakin takunkumi, kullum ya yi tafiya mai nisa ya sassabo musu ganyen da bai kai ya kawo ba. Suna ta ramewa. Tunkiyarsa mai ciki, wadda ya ɗora wa buri, ta durƙushe a kan ciyawar nan, ba ta sake tashi ba.

Da ya ja gawarta bayan tudu don ya yar, sai ya tarar da awakin mutanen wurin sun duƙufa a kan ciyawar, gashinsu na sheƙi. Ya tambayi matar da ke kiwonsu sunan ciyawar. Ta ce, “Wallahi, Malam, ban sani ba. Na dai tashi na ga awakinmu na cin ta.” Duk kwanakin nan sunanta yake farauta, bai taɓa cewa a nuna masa abin da dabbobin wurin ke ci ba. Ya koma ya kwance wa sauran baki.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.