Gayyar da Ba a Kira Ba

Kai da za ka je yi wa mutanen fadama jaje, tsaya ka ji wannan kafin ka kama hanya.

A shekarar da kogi ya yi ambaliya, akwai wasu manoma biyu da gonakinsu ke haɗe da juna. Ruwa bai zaɓa ba. Ya kwashe shinkafarsu tana gab da nuna, ya rushe rumbuna, ya bar musu rairayi jibge a kan ƙasar noma. Abin da ya rage shi ne a kwashe rairayin tun laima ba ta gudu ba, a dasa albasar rani, don wanda ya makara shi da amfanin gona sai baɗi. Aikin kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai gayya. Ita kuma gayya, kowa ya sani, mai gona ke ciyar da ita, tuwo da fura har a ture.

Ɗaya daga cikinsu mutum ne mai ji da kansa, wanda a da gayyarsa ake ba da labari. Yanzu ko tiya guda ba shi da ita, kuma ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige da a ji haka. Duk wanda ya zo jaje sai ya tare shi da "ba komai, alhamdu lillahi," har mai jajen ya ji kunya ya tashi. Alhali barci ya ƙaurace masa, tuwo ma ya daina ci, ko hadari ya gani a gabas sai gabansa ya faɗi. Ya daina fita majalisa, masallacin Juma'a ma ya koma na wani ƙauye don kada a tambaye shi. Ana nan sai wata safiya ya ji ganga na tashi a gonar maƙwabcinsa. Haba! Hassada ta turnuƙe shi. Ruwa ɗaya ya ci su, ina wancan ya samo hatsin ciyar da gayya? Ya ce lallai yana da ɓoyayyen rumbu a tudu. Ya ce dama can gari nasa ne, shi ake so. Ya daina amsa masa gaisuwa, kajinsa ma in sun shigo sai ya bi su da jifa, kamar su suka kira makaɗin. Kowane bugun gangar nan a ƙirjinsa yake sauka, ga tasa gonar tana bushewa yana kallo.

Da gayyar ta sake dawowa sai ya kasa daurewa, ya lallaɓa ta bayan itatuwa don ya ga tukwanen da idonsa, ya sami abin faɗa. Bai ga tukunya ko ɗaya ba. Kowa na zaune da ƙunshinsa daga gida, wani rogo, wani ɗan dunƙulen fura. Ashe maƙwabcin ne ya miƙe bayan sallar Juma'a, a masallacin da mai ji da kan ya ƙaurace wa, ya ce wa jama'a ba shi da abin ciyar da kowa, kuma tun ranar ruwan bai yi barcin kirki ba, shi ne jama'a suka zo masa kowa da guzurinsa. Mutumin na laɓe a bayan itatuwan sai maƙwabcin ya hango shi, ya ajiye kwando ya nufo shi. "Ba komai, wucewa nake," in ji shi, tun ba a tambaye shi ba. Maƙwabcin ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, idon nan naka na san shi. Irinsa na kwana da shi wata da watanni." Bai jira amsa ba, ya ɗaga wa makaɗi hannu. Kafin la'asar gayya ta tsallaka iyaka, ana kwasar rairayin gonar mutumin da ya jefi kajin maƙwabcinsa, shi kuwa yana durƙushe a bakin gona yana kukan da ya riƙe tun ranar ambaliya. Albasarsa ta makara, ba ta yi kai sosai ba, amma ta kai iyalinsa damina, barci kuma ya dawo.

To, in ka je jajen nan aka ce maka ba komai, kada ka yi saurin tashi. Labarin zuciya, a tambayi fuska.