Askar da Ta Ƙi Buɗewa

Tun shekarar da zazzaɓin dengi ya samu wurin zama a garin, askar wanzami ba ta buɗewa sai ta taɓa fatar mutum fitilar jikinta ta yi kore, alamar jininsa zai tsaya in an yanke shi. Cutar kuwa ɓargo take shiga, ta kassara ƙwayoyin da ke samar da abin da ke tsayar da jini.

Ranar suna, Barau wanzami ya ɗora askarsa a goshin jaririya. Fitilar askar ta yi ja.

"Haba Barau," in ji kakar yarinyar, Gwaggo Tabawa. "An yanka rago, jama'a sun taru. Tsohuwar askar mahaifinka ba ta cikin zabira ne? Ita ai ba ta tambayar kowa."

Tana ciki kuwa. Ya laluba ya ji sanyinta, sannan ya janye hannu.

"Gwaggo, gashi zai jira. In na kuskure na yanke ta, me zai tsayar da jinin? A kai ta asibiti yau."

Ya fito zaure yana gyara ƙyallen da ya ɗaure yatsansa. Ƙaya ce ta soke shi tun jiya da la'asar, har yanzu jini bai bar ƙyallen ya bushe ba. Ya dubi askar mai fitila ya daɗe, sannan ya mayar da ita zabira bai ɗora ta a fatarsa ba.