Ƙwan Gida

Bodil na cikin naɗe kyafaffen kifi sai ga babbar 'yarta Gunhild ta faɗo rumfa da albishir: asibiti ya yarda ƙanwarta Ditte ta ba ta ƙwan haihuwa.

Shekara tara Gunhild na neman haihuwa, har likita ya ce nata ƙwan ya ƙare.

Ita kuwa Bodil, a duk bakin tashar jiragen ruwa ta garin Hvide Sande ba wanda ya taɓa kayar da ita a ciniki. Ko akwatin gawar mijinta sai da aka yi mata ragi.

"Me ya hana ki karɓi na baƙuwa?" in ji ta.

"Jininki nake so, Mama. Ɗan ya fito da hancinki."

"Wannan hancin? Wa ya taɓa taya shi?"

Nan ta ɗaura ɗamarar ciniki. Ta ce allurai za su kumbura Ditte kamar mataccen kifi. Ditte ta ce ta ji ta gani. Bodil ta ce za ta sayar da motar kifi ta kai Gunhild ƙasar Sifen, inda ba a jiran layi. 'Ya'yan suka kalli juna. Matar da ke wanke leda ta shanya!

"Kishi ne, Yaya," in ji Ditte. "Ita kaɗai take so gari ya yi ta labarinta, mai auta a shekara arba'in da shida."

Bodil ta ci gaba da feɗe kifi.

Ran Talata takardar asibiti ta iso. Bodil da takarda ba sa ga maciji, don haka Ditte ce ta karanta, biro a hannu: a lissafa cututtukan dangin uwar mai ba da ƙwai, domin lafiyar jariri.

Ƙarya ba ta taɓa yi wa Bodil wuya ba. Ta sha sayar da kifin jiya da sunan na yau. Amma wannan a kan jika za ta faɗa.

Ta ajiye wuƙa.

"Rubuta: ba a sani ba."

"Haba Mama, ba ke kika haife ni ba?"

"Ni ce, kwana biyu ina naƙuda. Amma ƙwan da aka yi ki da shi na wata baƙuwa ne, a Landan na sayo, kuma ko fam ɗaya ba su rage mini ba."