Romon Babanta

Tun da Kotone ta zauna a shagonsa, cikin gidan tarihin taliyar ramen, Shunpei ya kasa haɗa ido da ita. Zoben neman aurenta na aljihunsa lokacin da ya ajiye mata kwanon taliya.

Ta kurɓi romon sau ɗaya, ta ajiye cokali.

"Busasshen kifi da ɓawon lemo. Shunpei, ai romon Baba ne wannan."

Shekara bakwai ya yi yana girki a ƙarƙashin mahaifinta, wanda har ya rasu bai yarda sirrin romonsa ya bar gida ba.

"Na so in gaya miki," ya ce, murya can ƙasa. "Na ga idan kika zama matata, bai bar gida ba ke nan."

"Au, da ni za ka wanke laifinka?"

Ya sunkuyar da kai don kunya.

"Cire sunanka daga allon shagon nan, ka sa na Baba," ta ce. "Sannan ka zo ka nemi aurena."

Ta jawo kwanon ta ci gaba da sha, hawaye na zubo mata.